Ba Kwamiti Ne Ya Raɗa Wa Mil Tara Suna Ba

'Yan uwana marubuta, akwai wasu maganganu guda biyu da suka daɗe suna yawo a zaurukanmu game da samarin nan namu masu buga wasan harbe-harbe a wayoyinsu, kuma duka biyun ban yarda da su ba. Ta farko ita ce ta masu cewa ai wannan shirme ne, aikin marasa aikin yi, bai ma kamata marubuci mai mutunci ya ɓata tawadarsa a kansa ba. Ta biyu kuwa ita ce ta masu kishin harshe, waɗanda suka ji yaro a gindin darbejiya a Dambatta ko Bichi yana ihu yana kiran Pochinki da Clock Tower da Bimasakti, sai hankalinsu ya tashi, suka ce Hausa ta shiga uku, don haka a gaggauta kafa kwamitin masana ya zauna ya fassara waɗannan sunaye a raba wa yara. Na farkon sun raina abin da ba su sani ba. Na biyun sun gane ciwon, amma maganin da suka ɗauko ƙara shi zai yi. Abin da nake so in tabbatar a wannan rubutu shi ne, masu zufa a wuri su ke raɗa wa wuri suna, kuma manoman arewacin Kano sun gwanance a wannan sana'a tun ba a ƙera kwamfuta ba. Yaran nan su ne magadanta, mu kuwa mu ne muka kasa miƙa musu gadon.

Me ake yi a wasan?

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin da yawa daga masu sukar ba su taɓa leƙa fuskar wayar ba. Wasannin da suka fi shiga hannun samarinmu su ne Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, da PUBG Mobile da ya fito a 2018, da Call of Duty Mobile na 2019. A PUBG mutum ɗari ne ke dirowa daga jirgin sama da laima a kan wani tsibiri mai suna Erangel, wanda tsawonsa kilomita 8 ne, faɗinsa ma kilomita 8. A Free Fire kimanin mutum 50 ne, kuma cikin kamar minti goma an tashi. Galibi ana shiga ne a ƙungiya ta mutum huɗu, fili yana ta tsukewa, ƙungiyar da ta rage ita ta ci.

To, mutum huɗun nan ba dole ne suna zaune wuri ɗaya ba. Ɗaya yana shagon caji a Kunchi, ɗaya yana Kurna, ɗaya ya tafi cirani Legas, ɗaya yana can Maraɗi. Babu mai ganin abin da ɗan uwansa ke gani. Abin da ya haɗa su murya ce kawai. In ɗaya ya hango abokan gaba, yana da daƙiƙa biyu ko uku ya gaya wa sauran su nawa ne, ina suke, ina suka nufa. In ya ce "ga su can, ga su can!" ya kashe ƙungiyarsa, domin "can" ɗinsa ba shi ne "can" ɗin na Legas ba. Gaskiya ne akwai alamar da ake dangwalawa a taswira, kuma a saman fuskar PUBG akwai lambobin alƙibla daga sifiri zuwa 360, amma mai fafatawa ba shi da yatsan da zai ɓata, lambar alƙibla kuwa tana aiki ne kawai in kuna tsaye kusa da juna. Saboda haka dole kowane lungu ya sami suna, gajere, wanda kowa ya sani, wanda ba ya kama da na wani lungu. Ka ga ashe abin da ake gwabzawa a kai aikin harshe ne tsantsa. In aikin harshe bai shafi marubuci ba, wa ya shafa? Maƙeri?

Yadda wasu suka yi da nasu harshen

Inda wannan sana'a ta fi nuna shi ne wani wasan kwamfuta mai suna Counter-Strike, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka ƙirƙiro a 1999. Mutum biyar ne ke karawa da biyar. Ɓangare ɗaya na neman dasa bam a ɗaya daga wurare biyu, ɗayan na hana su. Zagaye guda bai cika minti biyu ba, in an dasa bam kuwa daƙiƙa 40 ce ta rage. Taswirar da ta fi shahara a wasan ita ce Dust II, wadda David Johnston ya zana, ta fito a 2001, kuma ana buga ta sama da shekara ashirin. A cikinta babu akwati ko bango ko rami da ba shi da suna a bakin 'yan wasa. Akwai wani akwati a tsakiyar fili da suke kira Xbox. Akwai wata kusurwa da suke kira Goose, domin an rubuta kalmar a jikin bangon, daga laƙabin Minh Le. A wata taswirar mai suna Inferno akwai wata hanya mai lanƙwasa, sai suka kira ta da kalmar ayaba a Turanci. A 2014, a wata gasa a Suwidin, wani ɗan wasa mai laƙabin Olofmeister ya hau kan abokansa ya leƙa daga inda ba a zata ba a taswirar Overpass, aka yi ta rigima har ƙungiyarsa ta janye daga gasar, kuma tun daga ranar ake kiran wannan hawa da sunansa. Siffar wuri, rubutun bango, abin da ya taɓa faruwa: daga nan sunayen suka fito.

Amma ga inda nake so mai karatu ya natsu. Mutanen Barazil da na Rasha ba su zauna suna haddar sunayen Turanci ba. A Dust II akwai wani dogon soro mai duhu da Turawa ke kira da kalmarsu ta hanyar ƙarƙashin ƙasa. 'Yan Barazil suka ce Escuro, wato duhu. 'Yan Rasha, ba tare da sun yi shawara da su ba, suka ce Tiyomka, ita ma daga kalmar duhu. Wata siririyar hanya da ke sama, 'yan Barazil suka ce Varanda, wato barandar nan da muka sani, 'yan Rasha kuwa suka dubi karkacewarta suka ce Ziga. Kowa ya kalli wurin da idonsa, ya kira shi da bakin uwarsa. Shin hakan ya ja su baya? A 2016 'yan Barazil biyar, suna magana da harshen Fotugis, suka cinye babbar gasar da aka yi a Kolombus ta Amurka, wadda ita ce ta farko a jerin manyan gasannin wasan da aka sa wa dala miliyan ɗaya, sa'an nan a cikin shekarar suka sake cinye ta birnin Kolon a Jamus. Babu wata hukumar harshe da ta zauna ta amince da Escuro kafin su fara faɗa. Sun faɗa, ya yi aiki, ya zauna.

Gonakin arewacin Kano

Yanzu mu bar kwamfuta mu dawo gida, mu dubi ƙasar da yaran nan ke takawa kullum. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Tumfafi zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ya bi ta Daura ta Kwanar Dumawa zuwa Dambatta, ko ya ratsa Minjibir da Gezawa, ya san cewa a nan daji ya ƙare tun tuni. Gona ce ke jingine da gona, gida na hango gida, kusan kowane taƙi ana noma shi kowace damina, ana ciyar da shi da takin dabbobi da na birni. Wannan cunkoso ne ya sa masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka wallafa nazari a kan yankin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1965. A irin wannan ƙasa babu lambar gida, babu allon titi, babu dutse ko kogi a kowace kusurwa. In damina ta yi nisa, gero da dawa suka rufe mutum, duk inda ka juya kama ɗaya ne. Duk da haka ba a taɓa jin manomi ya aiki ɗansa da fura gona ya ɓata ba.

Me ya sa? Domin kowane lungu yana da suna, kamar dai a Dust II. Kowane ƙauye yana da irin nasa: gawon wane, kukar kaza, burtalin Fulani, rijiyar malam, fadamar sarki, kufan su wane, bakin kududdufi, gindin ɗorawa, tsallaken rafi, bayan maƙabarta. Iyakar gona gamba ce ko shingen lalle, iyakar burtali aguwa ce, amma abin da ke riƙe da su duka a kan mutane suna ne. In saniya ta tsinke ta faɗa gonar wani, ba a cewa "ta yi can". Cewa ake "ta bi burtali ta ɓullo ta gindin marke", nan take mutum uku sun san inda za su tare. In gobara ta kama karan da aka tara da kaka, kalma biyu ake kwarmatawa, gari ya ɗauko bokitai ya nufi wuri ɗaya. In rigimar iyaka ta kai gaban mai unguwa ko dagaci, da waɗannan sunaye ake shaida. Takardar cinikin gona ma da su ake rubuta ta: gabas ta yi iyaka da kaza, yamma da kaza. A nan kuskuren suna ba faɗuwa wasa yake jawowa ba, gadon marayu yake cinyewa.

Ka dubi manyan sunayen ma, duk hanya ɗaya suka biyo. Rimin Gado da Rimin Kebe da Tsamiyar Boka da Kuka Bulukiya itatuwa ne. Tumfafi tsiro ne. Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo ruwa ne. Gabasawa da Ajumawa da Fagwalawa jama'a ce. Mil Tara kuwa awon nisa ne kawai, direbobi da fasinjoji suka yi ta faɗa har ya zama unguwa. Wane farfesa ne ya sa hannu a takardar Mil Tara? Ƙa'idar ɗaya ce da ta 'yan wasan Barazil: abin da ido ke gani, ko abin da ya faru, a faɗe shi a gajarce, jama'a su karɓa. Ashe yaron da ya taso a Makoda ko Bagwai ya fi ɗan birnin Turai gadon wannan fasaha. Abin kunya ne a ce shi ne ke karya harshensa a kan Novorepnoye.

Me ya sa na ƙi kwamiti?

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban raina aikin masana ba. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi aikin daidaita rubutu, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta ba mu ƙamus a 2006, kuma duk mai riƙe da alƙalami yana cin moriyarsu. Amma kowane allazi da nasa amanu. Kalmar da za a koyar a aji daban, kalmar da za a kwarmata cikin daƙiƙa biyu daban. Mun ga yadda ta kaya a baya. An ce mana "na'ura mai ƙwaƙwalwa", kasuwa ta ce kwamfuta. An ce "wayar tafi-da-gidanka", kowa ya ce waya ya huta. Rediyo na cewa "babur mai ƙafa uku", amma mutanen Kano suka ɗauki sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011, suka liƙa wa abin hawan, ya zama Adaidaita Sahu, daga baya ma suka datse shi ya koma ɗan sahu. Ko baƙon suna ne ya zo, bakin Bahaushe ba ya haɗiye shi ɗanye. Kamfanin gine-gine na Taylor Woodrow ya yi zamansa a Kano ya tafi, abin da ya bar mana shi ne Tal'udu.

To, a miƙa wa kwamiti Clock Tower ta Free Fire a ga abin da zai fito. Zai ce "Hasumiyar Agogo", gaɓa bakwai, kafin yaro ya ƙarasa an aika shi barzahu. Yaron da aka bar shi da hankalinsa cewa zai yi Agogo, gaɓa uku. Factory kwamiti zai ce "Masana'anta", ɗan ƙauye zai ce Kamfani. Peak kwamiti zai ce "Ƙololuwa", manomi zai ce Tudu. Sansanin sojan da ke kudancin Erangel, ai Bariki ne. Kota Tua kuwa kalmar mutanen Indunusiya ce mai ma'anar tsohon gari, mu da muke da Kufai me za mu nema? Waɗannan ma misali kawai na kawo, ba doka nake kafawa ba, domin in na kafa na zama kwamitin mutum ɗaya. Wataƙila wata ƙungiya ta ga abokinsu kullum a gindin agogon nan ake kayar da shi, su kira wurin Kabarin Ɗanjuma, kuma wannan suna zai fi nawa ƙarko, domin akwai dariya a cikinsa, akwai labari. Ko shi kansa Erangel, ai Brendan Greene, mutumin Ailan da ya ƙirƙiro wasan, daga sunan 'yarsa ya ciro shi. Shi yana da ikon sa sunan 'yarsa a tsibiri, ɗanmu ba shi da ikon sa sunan abokinsa a gindin bango?

Akwai kuma masu cewa Hausa tana da ja, ba ta dace da maganar gaggawa ba. Wannan magana ta wanda bai saurari harshensa ba ce. Dubi aikatau ɗinmu: shiga da shigo, fita da fito, sauka da sauko, hau da hawo, zagaya da zagayo, gudu da gudo. Wasali guda ne ke gaya maka ko abin yana nisantarka ko yana nufo ka. In ɗan wasa ya ce "biyu sun zagayo ta bayan Agogo", ya faɗi adadi, ya faɗi hanya, ya kuma faɗi cewa kanmu suka yo, duk a numfashi ɗaya. Bature sai ya ƙara kalmomi kafin ya cim ma haka. Ga kuma 'yan kalmomin nan da manomi ke auna duniya da su: gindin, bakin, bayan, gaban, kan, ƙofar, tsallaken, gangaren. Kowacce gaɓa ɗaya zuwa uku ce, kowacce tana kafa mutum a daidai wurin da ake nufi. Harshen da ya iya tare saniya a cikin dawa ba zai gaza tare mutum biyu a fuskar waya ba.

Laifin wa?

In haka ne, me ya sa yaran ba su yi ba? Wasu sun fara, domin in ka tsaya a shagon caji ka kasa kunne za ka ji Pochinki ta koma Focinki, kana jin "yana saman bene" da "ya kwanta a ciyawa" suna cuɗanya da baƙin sunaye. Amma da yawa suna jin kunya. Suna ganin in sun ce Tudu an gane su 'yan ƙauye ne, in sun ce Peak sun waye. Sun koyi wasan daga bidiyon YouTube na wasu ƙasashe, suka haddace sunayen kamar aku, ba su san cewa Bimasakti da Katulistiwa ba ma Turanci ba ne, kalmomin Indunusiya ne. Wato suna gudun harshen uwarsu zuwa harshen uwar wani, suna zaton sun isa Landan.

Wannan kunya ba da ita aka haife su ba, koya musu aka yi, kuma mu marubuta muna cikin malaman. Ɗauki littattafanmu na labari guda goma ka duba inda abubuwa ke faruwa. In ba "wani gari" ba, sai "wata unguwa ta masu hannu da shuni", sai Abuja, sai Dubai. Ƙauye in ya shigo, wurin da ake ɗauko 'yar aiki ne ko inda ake kai yarinya horo, ba shi da suna, ba shi da hanya, ba shi da bishiya guda da aka ambata. Yaushe rabon da ka karanta labarin da jarumi ya bi ta kasuwar Badume, ya sha ruwa a bakin dam ɗin Watari, ya jira mota a Kwanar Dumawa? Alhali Abubakar Imam, a Ruwan Bagaja da aka buga a 1934, bai ji kunyar sa jaruminsa ya fito daga Kwantagora ba. Yaron da bai taɓa ganin sunan garinsu a takarda ba, don me zai yarda cewa sunayen garinsu sun isa shiga waya?

Abin mamaki ma shi ne, masu raina wasan yaran nan sun manta da jiya. A shekarun 1990 an yi ta tafka muhawara a jaridu kan littattafan soyayya, aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, aka ce shirme ne, ɓata tarbiyya ne, ba adabi ba ne. Waɗanda aka yi wa wannan gori su ne dattawan zaurukanmu a yau. Ai wanda ya sha zafin bulala bai kamata ya yi saurin ɗaga ta ba. Kuma a dubi sunayen da suka yi fice da su: Ado Ahmad Gidan Dabino, Ɗan'azumi Baba Cediyar 'Yan Gurasa. Cediya ce, a gindinta ake sayar da gurasa, jama'a suka kira wurin haka, marubuci ya ɗauka ya ɗora a bangon littafinsa ya zaga duniya da shi. Wane bambanci ne tsakanin wannan da yaron da ya kira lungu Agogo?

Maganar da ta fi nauyi

Na san akwai ƙorafin da ya fi waɗannan ƙarfi, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce, a ƙasar da bindiga ta hana mutane barci, ta yaya za ka yi wa wasan bindiga kirari? Za a ce yara na ƙona kuɗin data da na caji, suna barin salla ta wuce, suna barin noman rani da karatu. Wannan gaskiya ne a gidaje da yawa, kuma hakkin uba ne ya ƙwace waya in lokacin salla ko na gona ya yi. Ban ce a sakar wa yara linzami ba. Amma tsawatarwa ba ta hana wasan wanzuwa, kamar yadda ba ta hana littafin soyayya da fim ba. Tambayar da ke gabanmu mu masu sana'ar harshe ita ce, awannin nan da yaro ke yi yana magana cikin gaggawa da abokansa, da wane baki yake yin su? In da Hausa yake yi, yana wasa ƙwarewar da kakansa ya rayu da ita. In da haddar baƙin sunaye yake yi, kullum yana ƙara yarda cewa harshensa na tsofaffi ne.

Ita kuwa wannan ƙwarewa tana cikin haɗari ko da babu waya. A gefen Ungogo da Dawakin Tofa gonaki na komawa fulotai, sababbin unguwanni na fitowa da sunayen Turanci da lambobi. Gawo da ɗorawa na tafiya a itacen girki da gawayi. In an sare kuka, sunanta na iya rayuwa shekaru a bakin mutane, amma in bakin ya mutu ba a rubuta ba, shi ke nan. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina. A irin wannan dare, wanda ya ɗaga waya yana neman ɗauki ba shi da lambar gida da zai bayar. Abin da yake da shi kawai shi ne sunan burtali, sunan rafi, sunan bishiya, da iya faɗin su nawa ne da inda suka nufa, a gajarce, ba tare da ruɗewa ba. Al'ummar da samarinta suka san kowane lungu na Erangel amma ba su san sunan fadamar bayan garinsu ba, ta yi sakaci da abin da ya fi wasa.

Abin yi

Don haka ga kirana. Ku samari masu wasa, ku raɗa wa taswirorinku suna da bakinku. Ku zauna ku huɗu ku amince, ku gwada, wanda ya yi tsawo ku datse, wanda ya yi kama da wani ku sauya. In kun haɗu da baƙi a wasa ku yi musu yaren da suke ji, amma a tsakaninku kada ku ji kunyar Tudu da Kufai. Mutanen Barazil ba su ji kunyar baranda ba, kuma kofi suka kai gida.

Ku masana, ku ajiye jan biro tukuna. Ku je shagon caji da littafi, ku saurara, ku rubuta abin da kuka ji. Aikinku ya zo bayan na jama'a, kamar yadda mai awo ke zuwa bayan manomi.

Mu kuwa marubuta, musamman masu tasowa, kowa ya koma garinsu kafin damina ta kama mutane, ya zauna da tsoho guda, ya tambaye shi sunan kowace gona da burtali da rijiya da kufai daga ƙofar gari zuwa iyakar ƙauye na gaba, da dalilin kowane suna. Zai dawo da shafi goma, kuma a cikin kowane suna akwai gajeren labari da ba a rubuta ba. Sa'an nan in ya zo rubuta littafinsa, ya sa mutanensa su taka ƙasa mai suna. Duk marubucin da bai iya kwatanta hanyar gidan kakarsa da kalmomi biyar ba, yaron da ke ihu a gindin darbejiya ya fi shi sanin amfanin kalma, kuma bai kamata ya yi masa dariya ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙauyukanmu da biranenmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa alƙalumanmu su amfani na baya. Amin.